Bawul ɗin amfilifaya da bambancin sautinsu

Bawul kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta ƙaf, aka jera ƙananan ƙarafa a ciki. Idan zaren da ke tsakiya ya yi zafi, sai wuta ta riƙa tsallakawa daga gare shi zuwa farantin da ke kewaye, wata siririyar raga kuma a tsakaninsu tana rage ta ko ƙara ta gwargwadon ɗan sautin da ya shigo. Da haka raunanniyar murya ke samun ƙarfin motsa lasifika. John Ambrose Fleming ne ya ƙera na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa ragar a 1906. Taransista, ƙaramar na'urar da ke irin wannan aiki ba tare da kwalba ba, ta bayyana a 1947, sannu a hankali ta kore shi daga rediyo da talabijin, amma masu ƙera amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) masu tsada da makaɗan jita ba su rabu da shi ba har yau.

Wanda aka fi yi wa kirari shi ne 300B, na kamfanin Western Electric, wanda ya fito a 1938. Idan aka sa shi shi kaɗai a kowane ɓangare, na lasifikar hagu da na ta dama, wat 8 kawai yake bayarwa, don haka sai an haɗa shi da lasifika mai saurin amsawa. Masu sonsa muryar ɗan adam suke nema: numfashin mawaƙi, kukan goge ko kukuma, su fito kusa-kusa ba tare da kaushi ba. Ganga mai nauyi kuwa ba fagensa ba ne. EL34 na Turai, wanda kamfanin Dynaco ya sa a amfilifayarsa ST-70 ta 1959 mai wat 35 a kowane ɓangare, an san shi da zaƙin tsakiyar sauti. KT88 na kamfanin GEC, na 1956, ya fi shi ƙarfi da tsayuwar sautin ƙasa. Shi ne a cikin McIntosh MC275 ta 1961 mai wat 75. Akwai kuma ƙanana da ke fara karɓar sautin da ya shigo, irin su 12AX7, wanda ke iya ninka sigina har sau 100.

Dalilin bambancin sananne ne. Babu amfilifayar da ba ta ƙara wa sauti wani abu nata. Bawul guda mai aiki shi kaɗai ya fi ƙara amon da ke ninki biyu na sautin asali, kunne kuma yakan ji wannan a matsayin cika da taushi. Idan aka haɗa bawul biyu suna karɓa-karɓa, ɗaya na turawa ɗaya na jawowa, sai wannan amon ya kashe kansa, ƙarfi ya ƙaru, sauti ya ɗan bushe. Haka nan idan aka ƙure murya, bawul yana lanƙwasa sautin a hankali, taransista kuwa tana datse shi. Sannan akwai taransifomar da ke tsakanin bawul da lasifika, wadda ingancin ƙarfenta da naɗin wayarta ke yanke yadda sautin ƙasa da na sama za su fito. Amfilifayar bawul ba ta riƙe lasifika gam kamar ta taransista, shi ya sa ita ɗin dai takan canza hali idan aka sauya mata lasifika. Mai adalci zai yarda cewa tsarin haɗin kayan cikin amfilifayar da taransifomar da lasifikar sun fi sunan da ke jikin kwalbar tasiri.

Wannan ne ya sa kwatanci yake da wuya. Tsofaffin bawul na kamfanonin Mullard da Telefunken da ba a taɓa kunnawa ba suna tsada ƙwarai a kan sababbin da ake yi a Rasha da Sin da Sulobakiya. Wani bambancin gaskiya ne, wani kuwa ƙarar murya ce kawai, domin kunne yana fifita duk abin da ya ɗan fi ƙara. Gwaji na ƙwarai sai an daidaita ƙarfin muryar da na'urar awo, an bar bawul ya ɗumama, mai sauraro kuma bai san wanne ke ciki ba. Kiɗan da mutum ya sani tun yana yaro ya fi dacewa da gwajin. Wanda ya taso da kalangu zai gane nan take idan dukansa ya yi laushi fiye da kima.

A Zariya irin waɗannan amfilifaya ba kayan kasuwa ba ne, sai dai a yi odarsu ko a gaji tsohuwa. Yanayi ma yana da nasa hukunci. Bawul yana fitar da zafi sosai, a watannin Maris da Afrilu kuwa dole a bar masa sarari da iska. Ƙurar hunturu tana taruwa a ramukan ƙafafunsa ta haddasa ƙarar tsartsatsi. Wutar gida a Nijeriya volt 230 ce, na'urar da aka yi wa Amurka kuma 120 take so, saboda haka sai da taransifomar rage wuta. Hawa da saukar wuta, musamman ta janareta, suna rage wa bawul kwana, sitabilaiza ta zama tilas. Kada a kunna ta babu lasifika a jone, taransifomar na iya ƙonewa. Gyara kuwa a bar wa ƙwararre: a cikinta akwai wutar da ta kai volt 400 zuwa 500, kuma takan maƙale a cikin kafasita, wato ma'ajiyar wutar da ke ciki, ko bayan an zare soket.