Waiwaye: Bam ɗin da ya kashe Dele Giwa, da shari'ar da ba a taɓa yi ba

Da hantsin Lahadi 19 ga Oktoba 1986 aka kai wani ƙunshi gidan Dele Giwa a Ikeja, Legas. Yana zaune tare da Kayode Soyinka, wakilin mujallar Newswatch a Landan. Giwa ya ɗora ƙunshin a cinya, yana fara buɗewa sai ya tarwatse. Soyinka ya tsira da ransa, shi kuwa Giwa ya mutu a asibiti ran nan, yana da shekara 39. Kafin wannan rana 'yan Najeriya ba su san kisa da bam ɗin wasiƙa ba.

Giwa shi ne babban editan Newswatch, wadda suka kafa a 1984 shi da Ray Ekpu da Dan Agbese da Yakubu Mohammed. Mujalla ce mai tono abin da gwamnatin soja ba ta so a tono.

Kwana biyu kafin kisan, hukumar tsaro ta farin kaya, SSS, ta gayyace shi. Laftanar Kanar A.K. Togun, mataimakin shugaban hukumar, ya yi masa tambayoyi kan zarge-zarge masu nauyi, ciki har da shirin shigo da makamai da kitsa juyin gurguzu. Washegari Kanar Halilu Akilu, shugaban leƙen asirin soja, ya buga waya gidan yana tambayar kwatance. Akilu bai musanta kiran ba, ya ce ziyara ya yi niyyar kai masa. Dukansu biyu sun ce ba su da hannu a kisan, kuma babu kotun da ta taɓa samun su da laifi. Amma a ganina, abubuwan da suka faru cikin waɗannan kwanaki sun isa a ce an baje su a gaban alƙali, an kira shaidu, kowa ya rantse ya faɗi abin da ya sani. Ba a yi haka ba.

Lauya Gani Fawehinmi ne ya ɗauki maganar a ka. Da gwamnatin Legas ta ƙi gurfanar da jami'an biyu, sai ya nemi ya shigar da ƙarar da kansa. A Disamba 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da wannan hurumin. Murna ta koma ciki a 1988, lokacin da babbar kotun Legas ta yi watsi da tuhumar tun kafin a kai ga sauraron shaidu.

Inda bincike ya gaza, jita-jita ke cike gurbi. An daɗe ana danganta kisan da Gloria Okon, matar da aka kama da miyagun ƙwayoyi a filin jirgin saman Malam Aminu Kano a 1985, aka kuma ce ta mutu a tsare. Har yau ana yaɗa cewa labarinta Giwa ke bi, alhali abokan aikinsa na kusa sun musanta hakan.

Dama mafi girma ta zo ne da kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda Obasanjo ya kafa a 1999 don bin kadin take haƙƙin jama'a. An gayyaci Janar Ibrahim Babangida, wanda shi ne shugaban mulkin soja lokacin kisan, da Akilu da Togun, ba su bayyana ba, kotu suka garzaya. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2002 tare da shawarar a sake buɗe binciken. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya karya lagon kwamitin, gwamnati ta fake da shi ta ƙi fitar da rahoton, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka watsa shi a 2005.

A Fabrairu 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta sake bincikar kisan Giwa da na sauran 'yan jaridar da aka kashe. Bayan shekara ɗaya Babangida ya fitar da tarihin rayuwarsa, inda ya sake cewa ba shi da hannu. Shi kansa Fawehinmi ya mutu tun 2009, bai ga an yi wa kowa shari'a ba.