Ingancin rahotannin gwajin akufanca a kan ciwon toshewar numfashi

Ingancin rahoto, a fagen binciken likitanci, shi ne yadda masu bincike suka bayyana abin da suka yi filla-filla, har likitan da bai halarci gwajin ba ya iya auna sakamakonsa ko ya maimaita shi. Batun yana da nauyi a gwaje-gwajen akufanca, wato maganin gargajiyar ƙasar Sin na soka siraran allurai a wasu gurabe na jiki, musamman waɗanda ake yi wa masu ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wanda likitoci ke kira COPD.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon ya hallaka mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. Taba sigari ce babbar sanadinsa, sai hayaƙin itace da gawayi, irin wanda mai suyar masa a Bauchi take shaƙa kullum asuba a bakin murhu, har ta manyanta da tari da haki, abin ya ƙara tsananta da ƙurar hunturu. Magungunan shaƙa suna sassauta ciwon amma ba sa warkar da shi, shi ya sa majiyyata ke neman wata hanyar.

Ma'aunan rubuta rahoto

Ƙa'idar CONSORT, wadda ta fito a 1996 aka sabunta ta a 2001 da 2010 da 2025, ita ce ta tsara abin da ya wajaba rahoton gwajin magani ya ƙunsa. Sai dai akufanca ba ƙwaya ba ce da za a rubuta sunanta da adadinta a wuce, saboda haka mai bincike Hugh MacPherson da abokan aikinsa suka fitar da ƙa'idar STRICTA a 2001, wadda a 2010 ta zama reshen CONSORT mai manyan batutuwa 6 da ƙanana 17 a ƙarƙashinsu. Tana buƙatar a faɗi dalilin zaɓen salon maganin, da yawan alluran da guraben da aka soka su, da zurfinsu, da ko an murza su da hannu ko an sa musu lantarki, da tsawon lokacin da aka bar su a jiki, da yawan zaman da aka yi, da ƙwarewar mai sokawa, da kuma abin da aka yi wa rukunin da ake kwatantawa da shi, wato majiyyatan da ba a yi musu akufancar da ake gwadawa ba.

Zurfin allura ya cancanci a tsaya a kansa. Ana yawan soka wa masu wannan ciwo allurai a gadon baya da ƙirji, alhali da yawansu sun rame, huhunsu kuma ya kumbura da iska ya matso kusa da haƙarƙari. Allurar da ta zarce tana iya huda huhun, iska ta taru tsakaninsa da bangon ƙirji, wanda haɗari ne babba ga mutumin da dama numfashinsa bai ishe shi ba. Rahoton da bai ambaci zurfi ba, bai kuma faɗi ko an samu illa ba, ya yi shiru ne a kan abin da likita ya fi bukatar sani.

Inda giɓin yake

Mafi yawan rauni yana wajen rabon majiyyata rukuni biyu ta hanyar jefa ƙuri'a ba tare da zaɓin kowa ba, da ɓoye wa mai shigar da su gwajin inda kowa zai faɗa. A 2009 mai bincike Wu Taixiang da abokansa sun tuntuɓi marubutan dubban rahotanni da aka buga a mujallun Sin da sunan gwajin ƙuri'a, suka tarar ƙasa da ɗaya cikin goma ne aka yi ƙuri'ar yadda ya kamata. Tun a 1998 wani mai bincike Andrew Vickers ya nuna cewa gwaje-gwajen akufanca da ya duba daga Sin da Japan da Hong Kong da Taiwan duk nasara suka bayyana, abin da ke sa a yi zargin cewa waɗanda ba su yi nasara ba ba sa kaiwa ga bugawa.

Akwai kuma matsalar ɓoye wa majiyyaci irin maganin da aka yi masa. Haki abu ne da mutum ke faɗa da bakinsa, kuma tsammanin samun sauƙi yana iya sauya amsarsa, saɓanin na'urar da ake hurawa don auna ƙarfin huhu. Don haka aka ƙirƙiro allurar kwaikwayo, irin wadda wani likita mai suna Streitberger ya fitar a 1998, mai dakusasshen baki da ke komawa cikin mariƙinta ba tare da ta huda fata ba. Mai sokawa dai ya san wadda ya riƙe, kuma ya kamata rahoto ya faɗi haka.

Gwajin da Masao Suzuki ya jagoranta a Japan, wanda aka buga a 2012, yana cikin waɗanda aka fi ambata. An raba mutum 68, wasu aka yi musu allurar gaske wasu ta kwaikwayo, sau ɗaya a mako har mako 12, kuma rukunin farko ya samu raguwar hakin da ake aunawa bayan majiyyaci ya yi tafiyar minti 6. Adadin ƙarami ne, amma an bayyana hanyar aikin yadda za a iya bin sawunta. Likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, idan ɗan wata majiyyaciya ya tambaye shi ko akufanca za ta taimaki mahaifiyarsa, zai iya ganowa daga rahoton cewa duk mutanen 68 sun ci gaba da amfani da magungunansu na asibiti a tsawon gwajin.