Ƙurar yumɓu da shari'ar silika a Amurka: inda zancen ya faro

Tun da hukumar kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai ta Amurka, MSHA, ta fitar da sabuwar ƙa'idar ƙurar silika (sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, wanda ƙurarsa ke illata huhu) a Afrilun 2024, ake ta cacar baki. Ƙa'idar ta ƙayyade mikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska. Cikin waɗanda suka garzaya kotu har da Sorptive Minerals Institute, ƙungiyar masu haƙo yumɓu mai tsotse ruwa, kuma a Afrilun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da aiwatar da ƙa'idar. Wasu na tambaya: me ya haɗa masu sayar da ƙasar bayan gidan kyanwa da wannan rigima? Ai sun daɗe a cikinta.

Farkon labarin sananne ne. A 1947 Ed Lowe na jihar Michigan ya fara sayar da busasshen yumɓu a madadin toka da yashin da ake zuba wa kyanwa. Kasuwa ta buɗe, masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a 1970. A shekarun 1980 aka fito da nau'in da ke dunƙulewa in ya jiƙe, wanda ake yi da yumɓun bentonait irin na jihar Wyoming. Da yumɓun nan kuma ake tsane man da ya zube a masana'anta.

Abin da aka fi tsallakewa shi ne 1997. A 1987 cibiyar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta ce akwai yiwuwar silika mai ƙyalli na haddasa cutar. Bayan shekara goma ta sa shi a rukunin farko, wato na abubuwan da aka tabbatar. Sai dai a cikin wannan rahoto masanan sun ƙara da cewa ba a kowace irin masana'anta aka ga cutar ba, kuma illar na iya dogara ga yanayin ƙwayar silikan ko abin da ke kewaye da ita. Jaridu suka ɗauki hukuncin, masu yumɓu suka riƙe wannan ƙarin bayani.

A kansa ƙungiyar ta kafa hujjarta tun daga lokacin. Silikan da ke cikin yumɓu, in ji ta, tsoho ne, ya shafe miliyoyin shekaru a lulluɓe da laka, ba ɗaya yake da wanda inji ya farfasa yanzu daga jikin dutse ba, wanda fuskarsa ke da kaifi a huhu. Masu kare lafiyar ma'aikata kuwa na cewa raguwar illa ba rashin illa ba ce, kuma awon da ake yi a wurin aiki yawan silika yake nunawa, ba shekarunsa ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa.

A 2016 hukumar OSHA, mai kula da masana'antu, ta tsame sarrafa irin wannan yumɓu daga sabuwar ƙa'idarta, ta bar shi a kan tsohon ma'auni. Ƙa'idar 2024 ta wuraren haƙar ma'adinai ba ta yi wannan togaciya ba. Yumɓu ɗaya, dokoki biyu, kuma tambayar da masana suka bari a buɗe a 1997 ce ta kai gaban alƙalai.