Taron masu kutse da sabbin shiga: tambayoyin da na gaji da amsawa

Da an sa ranar wani taron tsaron intanet a garin nan na Kaduna, sai saƙonni su fara shigowa, kuma kusan duk iri ɗaya ne. Wasu daga masu shirya taron, wasu daga yaran da ke son zuwa amma tsoro ya hana su. Ga su nan na haɗa wuri guda. Wanda ya sake tambaya, wannan zan tura masa.

Ban iya komai ba. Zan iya zuwa?

Zo. Ka zauna a layin gaba ma.

Babana ya ce taron 'yan yahoo ne, ya hana ni.

Ka gaya wa Baba cikin ladabi cewa ɗan damfara ba ya rubuta sunansa a takardar halarta ya zauna gaban majigi. DEF CON, wanda Jeff Moss ya fara a Las Begas ta Amurka a 1993, jami'an gwamnati da ma'aikatan manyan kamfanoni ne ke cika shi duk shekara. Bankuna ma biyan irin waɗannan mutane suke yi su gwada musu ƙofofinsu kafin ɓarawo ya gwada. Idan Baba bai gamsu ba, ku zo tare, akwai kujera.

Sai da laftof?

A'a. Da wayar Android da manhajar Termux, wadda ke ba ka wurin buga umarni kamar a kwamfuta, za ka iya yin darussan farko. Ku kuma masu shiri, ku rubuta wannan a jikin sanarwarku, ku zaunar da mutum biyu ko uku a kan kwamfuta ɗaya. Kalmar nan ta "a zo da laftof" ita kaɗai tana korar rabin 'yan Poli da 'yan KASU da kuke cewa kuna nema.

Mun kawo manyan masana daga Abuja da Legas, zaure ya cika, amma da muka sake kira yaran ba su dawo ba. Me ya faru?

Ku ne kuka faru. An ce ƙarfe tara, an fara sha ɗaya saboda ana jiran babban baƙo. Mai gabatarwa ya jero sarautu da digirorin mutanen babban tebur, an yi jawabin maraba, an yi jawabin godiya ga wanda ya yi jawabin maraba. Sai ga azahar. Bayan salla masani ya hau ya watsa hotuna sittin cike da gajerun haruffan Turanci, ya tambaya ko akwai mai tambaya, ɗaki ya yi tsit, ya ɗauka an gane. Yaron da ya biya kuɗin keke daga Rigasa ya koma gida bai taɓa madannai ko sau ɗaya ba. Don me zai dawo?

Ba a koyon ɗinki da leƙen tela daga bakin shago. Manyan tarukan da kuke kwaikwayo sun daɗe da gane haka. A DEF CON akwai abin da suke kira ƙauyuka: kusurwa guda ta buɗe kwaɗo ba da makulli ba, wata ta na'urorin mota, wata ta bibiyar bayanan da ke yawo a layi, kowace da tebura da kayan aiki da mutumin da zai zauna kusa da kai ya nuna maka. Taron Chaos Computer Club na Jamus, wanda ake yi a ƙarshen Disamba tun 1984, yana da 'yan sa-kai da aikinsu shi ne su karɓi wanda bai taɓa zuwa ba, su zagaya da shi, su haɗa shi da mutane. Taron BSides, da aka fara a 2009, reshensa na Las Begas yana haɗa wanda bai taɓa yin jawabi ba da wani tsohon hannu ya gyara masa kafin ranar.

Ba kuɗi ne ya ba su wannan ba, tsari ne. Ku rage jawabi zuwa biyu, kowane minti ashirin. Sauran lokacin ku ba tebura. Kowane tebur a sa mutum ɗaya mai haƙuri, kuma ku ja masa kunne tun da wuri: kada in ji ya ce wa yaro "au, wannan ma ba ka sani ba?" Kada kuma ya fizge kwamfutar ya yi da kansa. Hannunsa a aljihu, bakinsa ne zai yi aiki.

Da Hausa za mu yi ko da Turanci?

Umarnin da ake bugawa a kwamfuta ba ya canzawa. Bayaninsa kuwa a yi da harshen da mai koyo zai gane. Kaduna ce, tebur ɗaya zai haɗa ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha, sai ku nemi masu nunawa da ke juya harshe biyu ba tare da jin kunya ba.

Muna son a yi kutse na gaske a gaban mutane don su ji daɗi. Za mu iya gwadawa a kan wayifai na wurin taron, ko wani shafi da muka san yana da rauni? Kuma ya za mu san ba ɓarayi muke horarwa ba?

To, a nan ne zan ja magana, domin amsar ba ɗaya ba ce.

Abin da ba shi da wata kwana shi ne shafin da ba naku ba. Ba a taɓawa, ko da rauninsa a bayyane yake, ko da niyyarku alheri ce. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, a sashenta na 6 ta yi magana kan shiga kwamfuta ba da izini ba, kuma hukuncin da ta fara ambata ya kai ɗaurin shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ko duka biyun. Lauyoyi za su iya jayayya kan sharuɗɗan sashen da wanda ya hau kansa. Ku dai ba kwa son a yi wannan jayayyar a kan ɗalibin aji ɗaya da kuka gayyato da kanku.

Mafita mai sauƙi, kuma mai arha, ita ce ku gina wurin gwajinku. Rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba wayifai, da ba a jona ta da intanet ba, laftof ɗaya da aka ɗora wa OWASP Juice Shop ko DVWA ko Metasploitable. Waɗannan da gangan aka ƙera su da ramuka don a koyi kutse a kansu. Kowa ya jona, ya fasa son ransa, in ta lalace a sake tayar da ita. Ba ta cin data ko ta sisi. Akwai kuma wuraren da masu su suka ba da izini a fili: picoCTF na Jami'ar Carnegie Mellon, darussan kyauta na PortSwigger, da adireshin gwaji na masu Nmap, manhajar duba ƙofofin da ke buɗe a kwamfuta, shi ma da sharaɗin kada a matsa masa.

Wayifai na wurin taro ya fi rikitarwa. Manaja zai iya ce muku "ba komai, ku yi." Amma shi ne mai layin? Sau da yawa wani kamfani ne ya saka, ko layin ɗaya ne da ofisoshin da ke sama. Ko da nasa ne, bayanan baƙin da ke kan layin ba nasa ba ne da zai yi kyauta da su, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023. Idan dole sai kun yi, izini ya zama a rubuce, daga wanda ya mallaki kayan, a faɗi abin da za a taɓa da lokacin farawa da na gamawa, a nuna wa lauya takardar. Ni a ra'ayina wahalar ta fi amfanin, tunda rautar dubu kaɗan za ta koyar da darasi iri ɗaya. Na san wani zai kawo misalin allon nan na DEF CON da ake haska sunayen waɗanda suka shiga asusunsu ta layi mara kariya, da wani ɓangare na kalmar sirrinsu. Can kowa ya san irin gidan da ya shigo. A nan kuwa, ka haska sunan yarinyar da ta zo karo na farko a yi mata dariya, ka rasa ta, ka rasa ƙawayenta.

Inda ya fi ba ni ciwon kai shi ne bayan taro. Kwana biyu sai yaro ya turo saƙo cikin murna: "Malam, na gwada abin nan a shafin makarantarmu, ya yi aiki!" Kada ku yi masa ihu, in kun yi ba zai sake gaya muku ba, kuma ba zai daina ba. Ku ce ya tsaya nan take. Kada ya sauke komai, kada ya ɗauki hoton bayanan wasu, kada ya sa a zauren WhatsApp. Sannan a duba ko masu shafin suna da hanyar karɓar irin wannan rahoto, wasu sukan ajiye fayil mai suna security.txt da adireshin da za a tuntuɓa. Akwai kuma ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, suna karɓar rahoton matsalolin intanet. Yadda za ta kaya ya danganta da wanda rahoton ya faɗa hannunsa: wani ya gode, wani ya yi shiru, wani ya fara tambayar wa ya ba ka izini. Saboda haka babba ne ya kamata ya shige gaba, bayan ya yi shawara, ba yaron shi kaɗai ba. Abin da ya fi duka, ku faɗi wannan labarin tun a minti goma sha biyar na farkon taro, kafin a kunna komai.

Batun horar da ɓarayi kuwa, ba mai ganin zuciya sai Allah. Neman lambar NIN a ƙofa ba zai tace muku kowa ba, sai dai ya tsorata na kirki, ya kuma tara muku bayanan da ba ku iya tsarewa. Kuma damfarar da ke cin mutanenmu, yawancinta kiran waya ne a yaudari dattijo ya karanto lambar da banki ya turo masa. Wannan ba ya bukatar darasinku. Abin da ke hannunku shi ne kada ku raba kayan da ba su da amfani sai cuta, kamar shafin bogi mai tambarin banki na gaske. Ku kuma saurari irin tambayoyin da mutum ke yi. Wanda ke tambayar me ya sa abu ya yi aiki daban yake da wanda ke tambayar nawa za a samu.

Malam, don Allah ka nuna mini yadda zan shiga WhatsApp ɗin matata.

A'a. Je ka yi magana da ita.

Gasar CTF da muka yi, mutum huɗu ne suka cinye komai, sauran suka koma danna waya.

Saboda don mutum huɗun kuka shirya ta. A gasar CTF, wato kamo tuta, inda ake neman wata kalma da aka ɓoye da ake kira tuta, tutar farko ya kamata kowa ya same ta cikin minti goma, ko da ta hanyar duba rubutun da ke bayan shafi ne. Wannan ɗan daɗin na "na samu!" shi ke zaunar da mutum awa uku. Ku raba rukuni biyu, ko ku tilasta kowace tawaga ta ɗauki sabon shiga. Kada ku cire maki don an nemi a haska hanya. Kuma in an gama, kada ku miƙa kyauta ku watse. A hau majigi a warware tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, wannan rabin awar ita ce makarantar.

Mata ba sa zuwa, mun yi iya ƙoƙarinmu.

Ba ku yi ba. Taron da ke tashi bayan isha'i a wurin da keke ba ya shiga, wace uwa ce za ta bari? Ku tashi kafin magariba. Ku daina zagaya takardar halarta mai lambobin waya kowa yana ɗaukar hoto, domin daren ranar ake fara turo musu "salam, na gan ki a taro." Ku rubuta dokar zama, ku karanta ta da baki, ku nuna macen da za a kai wa ƙara. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa. Kuma matan da suka iya aikin, a ba su tebur su koyar, a daina ajiye su wurin rajista da rabon ruwa.

Ke kuma da kike shakka, ki zo da ƙawarki. Ba wanda aka haifa da iyawa a ɗakin nan.

Za a ba da satifiket?

Wataƙila. Ba zai samo maka aiki ba. In takarda kake so, akwai jarrabawa irin su Security+ ta CompTIA, akwai kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023, yana da fannin tsaron intanet.

Wuta da intanet fa?

Ku ɗauka babu su. Janareta da mansa, dogayen soket fiye da yadda kuke zato, da filas guda biyar da aka riga aka loda wa duk abin da za a buƙata. Kali Linux, babbar manhajar kwamfuta mai ɗauke da kayan gwajin kutse, shi kaɗai ya haura giga 3. Mutum arba'in su ce za su sauke shi a layi ɗaya da safe, taron ya ƙare ke nan.

To Kali ɗin zan fara sakawa kafin in zo?

Bar shi tukuna. Nemi wasan Bandit na shafin OverTheWire, kyauta ne, yana da matakai sama da 30. Matakin farko shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, kawai yake koyarwa, na gaba ya nuna maka yadda ake buɗe fayil da neman abin da aka ɓoye. Yi biyar na farko, rubuta inda ka maƙale a takarda, ka zo da ita teburin farko da ke kusa da ƙofa.