Sabon fenti ba ya ƙara wa tsohuwar gitar bas daraja

Da yawa suna ɗauka cewa idan gitar bas, wato gita mai kaurin murya, ta tsufa, fentinta ya tsattsage, gata shi ne a kankare ta a fesa sabo. A kayan kiɗa na da, wannan asara ce.

Ɗauki gitar Precision Bass ta kamfanin Fender da aka fara ƙerawa a Amurka a 1951, ko Jazz Bass ta 1960. Waɗanda aka yi kafin kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965 su masu saye ke rububi, kuma fentin asali suke fara dubawa. Siririn fenti ne, yana tsagewa kamar busasshiyar laka, yana gogewa daidai inda hannun makaɗi ke kwanciya. Wannan gogewar shaida ce. Da zarar an sake fenti, farashi ya faɗi warwas, kuma babu mai dawo da fentin farko. Raina yana ɓaci idan na ga an yi haka.

Tsirkiya kam a canza ta. Idan maganaɗisun ɗaukar sauti ya mutu, a sa wani wanda ya dace da gurbinsa ba tare da huda katako ba, tsohon kuma a adana shi a akwatin gitar.