Cutar Sikila: Rayuwa da Ciwon da Ido Ba Ya Gani

Cutar sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini, cuta ce ta gado da ke lalata siffar jajayen ƙwayoyin jini, kuma da ita ake haihuwar mutum. Tana cikin cututtuka masu daɗewa waɗanda galibi ba sa nunawa a jiki, irin su farfaɗiya da ciwon suga da ciwon ƙoda a farkonsa. Mai ita kan fito kasuwa da safe garau, kafin la'asar yana birgima a gado. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a ƙasar duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadonta. A duniya baki ɗaya, wani ƙiyasi na 2021 ya kai adadin masu fama da ita miliyan 7.7, mafi yawansu a Afirka kudu da Sahara.

Yadda take aiki

A 1910 ne likita James Herrick na Chicago ya bayyana wasu ƙwayoyin jini masu siffar lauje a jikin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girinada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Idan iskar ta yi ƙaranci, himogulobin ɗin mai sikila kan dunƙule, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta sandare, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Duk gaɓar da jini ya kasa isa gare ta sai ta ɗauki ciwo. Ƙwayar jini mai lafiya takan yi kwana 120. Ta mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, gajiya ba ta rabuwa da shi, idonsa kan yi rawaya.

Sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar gadon kafin ɗa ya kamu. Idan ma'aurata duka AS ne, wato masu ɗauke da ƙwayar gadon ba tare da cutar ba, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. Mutane da yawa na ɗauka ma'anarsa ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai kamu, alhali kowane ciki lissafinsa daban: akwai gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS, akwai wanda ba ko ɗaya. Dalilin yawaitar ƙwayar a ƙasashen sauro kuwa, Anthony Allison ya gano shi a Gabashin Afirka a 1954: masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tun suna yara.

Ciwon da ba shi da shaida

Babbar alamar cutar ita ce tashin ciwo, wato raɗaɗi mai tsanani a ƙasusuwa, baya, ƙirji ko ciki, wanda kan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Masu ita kan ce kamar ana ƙwanƙwatsa ƙashi da guduma ne. Sanyin hunturu, dukan ruwan sama, ƙishirwa, zazzaɓi, wahalar aiki da damuwa duk suna tayar da shi, wani lokaci kuma ya taso babu gaira babu dalili. Abin da ya fi wahalar da marasa lafiya shi ne babu wani gwajin jini ko hoto da ke tabbatar da cewa ciwon ya tashi, balle ya auna ƙarfinsa. Galibi ba kumburi, ba jini, sau da yawa ko zafin jiki babu. Maganar mai ciwon ita kaɗai ce hujja.

Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi manya 232 masu sikila a jihar Bajiniya ta Amurka, kowa na rubuta yadda ya yini. Sun ji ciwo a fiye da rabin kwanakin da aka ƙirga, amma kwanakin da suka je asibiti ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Wato mafi yawan wahalar a ɗaki ake shan ta, da ruwan ɗumi da tawul da ƙwayar rage raɗaɗi, ba wanda ya sani sai 'yan gida.

Wanda ya daɗe da ciwo yakan koyi daurewa. Ba ya ihu. Yana iya kwanciya shiru yana danna waya don ya ɗauke hankalinsa, sai ma'aikacin jinya ya leƙo ya ce ai wannan da sauƙi. In kuma ya yi kuka a ce raki ne. In ya faɗi sunan allurar da ta saba yi masa aiki da yawan da ake ba shi, sai a fara kallonsa da ɗan ƙwaya. Gaskiya ne akwai waɗanda suka kamu da jarabar allurar rage raɗaɗi ta pentazocine a Nijeriya, har ta ɓata musu cinyoyi da damatsa, amma galibi hakan na faruwa ne bayan an bar mutum da ciwo ya koma yi wa kansa allura a gida. Zargin kowa saboda su ba adalci ba ne. Matsalar ba ta talaucin ƙasa kaɗai ba ce. A Ingila, ƙa'idar asibiti tun 2012 ita ce a ba mai tashin sikila maganin raɗaɗi cikin minti 30 da isowarsa, duk da haka a 2019 wani saurayi ɗan shekara 21 ya kira lambar gaggawa ta 999 daga kan gadon asibiti a Landan saboda an hana shi oksijin, kuma ya rasu. Rahoton da wani rukunin 'yan majalisar dokokin Birtaniya ya fitar a 2021 ya samu cewa rashin yarda da maganar marasa lafiya ya zama ruwan dare, kuma wariyar launin fata na da hannu a ciki.

Ɓarnar da ke tafiya a ɓoye

Ko ranar da babu ciwo, cutar ba ta hutu. Saifa kan lalace tun ana ƙanana, shi ya sa ƙwayoyin cuta ke saurin kayar da yara. Kan ƙashin ƙugu kan mutu saboda rashin jini, saurayi ya kasa hawa bene ko doguwar tsayuwa alhali ba a ga karaya ba. Ƙoda da huhu da ido duk suna taɓuwa a hankali. Kimanin kashi 11 cikin 100 na masu SS kan samu shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. Akwai kuma ƙananan toshewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa marasa alama, waɗanda ke samun kusan yaro ɗaya cikin uku. Sai dai a ga yaron da ke gane karatu ya fara mantuwa, malami ya ce wasa ya yi masa yawa. Wasu matsalolin kunya ce ke rufe su, kamar miƙewar gaba mai zafi da ke samun maza, da gyambon ƙafa da ake ɓoyewa cikin safa.

A gida da cikin jama'a

Mai sikila yana rayuwa ne da lissafi: gorar ruwa a hannu, rigar sanyi a jaka ko da rana ake ƙwallawa, zuwa biki yau yana nufin kwanciya gobe. Ɗalibi kan rasa jarrabawa, ma'aikaci kan ɓoye cutarsa don kada a sallame shi, matar aure a ce mata raguwa ce. A watan azumi likitoci kan shawarci da yawa daga cikinsu su sha, saboda ƙishirwa na tayar da ciwon, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Amma wanda aka gani da ƙafafunsa yana shan ruwa da rana sai ya yi ta bayani. Kalmar da suka fi ji ita ce "ai ba ka yi kama da mai sikila ba", tare da tsohuwar maganar cewa ba sa wuce shekara ashirin, alhali akwai masu 'ya'ya da jikoki. A karkara har yanzu akan kai yaro wurin mai magani a ce iska ce ko sammu.

Batun aure ya fi komai nauyi. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na gano ko mutum AS ne ko SS. Manufar gwajin ita ce rage haihuwar masu cutar, sai dai ya sa wasu iyalai na ƙara ɓoye 'yarsu mai SS don gudun kada manema su watse.

Kulawa da magani

Kulawar yau da kullum ba ta da tsada sosai: rigakafi, maganin penisilin ga ƙananan yara, folik asid, gidan sauro, yawan shan ruwa, da ƙarin jini idan ya kama. Maganin hydroxyurea, wanda Amurka ta amince da shi don manya a 1998, yana rage yawan tashin ciwo. Wani bincike a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa ko ɗan kaɗan daga maganin yana kare yaran da hoton jijiyoyin kansu ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar jiki. Gidauniyar Sikila ta Nijeriya na aiki a Legas tun 1994, Nijar na da cibiyar ƙasa ta cutar a Yamai, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 19 ga Yuni don tunawa da ita.

Dashen ɓargo yana iya warkar da cutar; an fara yin sa a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma galibi sai an samu ɗan'uwan da jininsa ya dace, ga kuɗi masu yawa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar gado, wanda farashinsa a Amurka a lokacin ya kai dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya.