Wa ya duba ka ya ce maka basir ne?

Jama'a assalamu alaikum. Wallahi abin nan ya ishe ni shi ya sa na ce bari in yi magana a nan. Kusan kullum sai wani ya shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya ya zauna ya ce "likita basir ke damuna". In ce tun yaushe, ya ce ai ya kai shekara biyu yana ganin jini a bayan gida, ya sha sassaƙe ya sha jiƙo ya sayi na mai mota da lasifika a tasha, wanda gora ɗaya tal ita ce ta basir ita ce ta sanyi ita ce ta shawara. To wa ya duba ka ya ce basir ne? Sai ya yi shiru. Shi ya yanke wa kansa hukunci, abokan majalisa suka sa hannu.

Akwai wani bawan Allah magidanci, bai kai 50 ba, da ya zo mana ya rame har wando ba ya zama a ƙugunsa, na ja fatar idonsa na ga fari fat babu jini. Muka tura shi babban asibiti. Sankarar hanji ce, kuma ta riga ta kai hanta. Har yau in na tuna yaransa raina ɓaci yake, shekara biyun nan da ya yi yana shan maganin basir ita ce damar da yake da ita.

Ban ce babu basir ba fa, akwai shi, da yawan masu ganin jini ma shi ne. Amma sankarar babban hanji ita ma da jinin take sallama, kuma ido ba ya rarrabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce ta uku a yawa cikin sankarori, ta biyu wajen kisa. Ita ta yi ajalin Pele a 2022. Ɗan wasan fim ɗin Amurka Chadwick Boseman kuwa yana da shekara 43 ta ɗauke shi a 2020, don haka masu cewa ciwon tsofaffi ne ku daina. A Amurka tun daga shekara 45 ake duba hanjin mutum ko lafiyarsa ƙalau, saboda ciwon da ɗan ƙaramin tsiro yake farawa, yakan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe, in an gan shi da wuri a cire shi shi ke nan.

Masu cewa za su sha maganin ƙara garkuwar jiki ya cinye ciwon, haba ɗan'uwa. Ciwon nan yana da dabarar rikita saƙon da jiki ke aikawa ya kira sojojinsa, masana na can suna ta bincike a kai, gorar tasha ce za ta warware?

Na san kunya ce, wurin ba wurin nunawa ba ne. Iyayenmu mata sun fi kowa ɓoyewa. Hajiya ki nemi ma'aikaciya mace ta duba ki, ba wanda zai ji.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ka zo, kar ka biya ta tasha:
- jini a bayan gida, ja ko baƙi, ko majina
- gudawa ko taurin ciki da ya wuce 'yan makonni
- ka yi bayan gida amma kana jin bai ƙare ba
- rama, kasala, ƙarancin jini ba dalili
- wani a gidanku ya taɓa yin ciwon

In mun ce sai an leƙa hanji da na'ura mai kyamara, ana yi a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. E da kuɗi, na sani. Amma ka zauna ka lissafa abin da ka kashe a gorunan nan. In ka zo kuma ka taho da su mu ga me ka sha.